Shaidar da Ake Maƙalawa a Ƙirji: Fashin Baƙi Kan Dosimita

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ɗaukar hoton eksire a asibiti, watakila idonsa ya kai kan wani ɗan abu na roba da ke maƙale a ƙirjin ma'aikacin da ya tsayar da shi gaban na'ura. Girmansa bai wuce kwalin ashana ba. A jikinsa akwai suna da lamba da kwanan wata. Ba ya ƙara, ba ya walƙiya, ba shi da maɓallin da ake dannawa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa katin shaidar aiki ne. Sunansa dosimita, kuma aikinsa guda ne: ya riƙa tara lissafin radiyeshon, wato haske marar ganuwa irin na eksire, da ya ratsa jikin mai ɗauke da shi, tun daga ranar da aka ba shi har ranar da za a karɓa a kai ɗakin awo.

Abin da ya sa ake buƙatarsa shi ne, jikin ɗan Adam ba shi da wata kafa ta jin wannan abu. Wuta tana da zafi, hayaƙi yana da wari, guba takan yi ɗaci. Amma hasken eksire da ɗan'uwansa da ake kira hasken gama suna ratsa fata da tsoka da ƙashi, mutum yana tsaye yana hira bai san an yi ba. A kan hanyarsu sukan fizge ƙananan ɓurɓushi daga jikin zarra, su yi wa tsarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta rauni. Galibin raunin jiki yana gyara shi da kansa. Wani lokaci gyaran yakan zo da kuskure, kuma kuskuren nan ne yake iya zama ciwon daji bayan shekara goma ko ashirin ko fiye.

An biya kuɗin koyon wannan darasi da rayuka. A watan Nuwamban 1895 Wilhelm Röntgen ya gano eksire a Jamus, kafin shekara ta zagayo likitoci sun rungume shi ko'ina, suna gwada ƙarfin na'ura da tafin hannunsu. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke masa hannaye biyu kafin ciwon daji ya kashe shi a 1904. A 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar wani asibiti a birnin Hambug, ɗauke da sunayen mutum 169 daga ƙasashe daban-daban waɗanda aikin eksire da radiyam, wani ƙarfe mai fitar da radiyeshon, ya yi ajalinsu, daga baya ma aka ƙara wasu. Kwamitin da ya zama hukumar ICRP ta yau, wadda ke ba duniya shawara kan kariya daga radiyeshon, an kafa shi ne a 1928. Shi kuwa ɗan abin da ake maƙalawa a ƙirji ya samu gindin zama a farkon shekarun 1940, lokacin da Amurka ke aikin ƙera bam ɗin nukiliya kuma dubban ma'aikata suke cuɗanya da abubuwan da ba a taɓa sarrafa irinsu ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa sibat, daga sunan Rolf Sievert, masanin ƙasar Siwidin. Sibat guda abu ne mai yawa ƙwarai, don haka a wurin aiki da milisibat ake magana, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sibat. Don a samu abin kwatance: kowane mutum a doron ƙasa, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara a matsakaicin lissafi, daga duwatsu da ƙasa da iskar radon mai fitowa daga ƙasa da abinci da hasken da ke saukowa daga sararin samaniya. Hoton ƙirji guda bai wuce milisibat 0.1 ba. Hoton CT, wato eksire mai ɗaukar jiki yanki-yanki, na ciki yakan kai 8 zuwa 10. Idan kuwa jiki gaba ɗaya ya sha sibat 1 a lokaci guda, amai da kasala da raguwar ƙwayoyin jini za su biyo baya. Sibat 4 zuwa 5 a tashi ɗaya yana kashe kusan rabin waɗanda ya samu idan ba a yi musu magani ba.

A kan wannan ma'auni aka gina iyakoki. Shawarar ICRP, wadda hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA ta ɗauka a ƙa'idojinta kuma ƙasashe da dama suka mayar doka, ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara idan aka yi matsakaicin shekara 5, kuma kada ya haura 50 a cikin kowace shekara guda. Hannu da ƙafa da fata an ba su har 500, saboda ba su da saurin illa kamar ɓargo da kayan ciki. Mutumin gari da ba aikinsa ba ne, iyakarsa milisibat 1 a shekara, ban da wanda yake samu daga muhalli da wanda aka yi masa don magani. Amurka tana nan kan 50 a shekara ga ma'aikaci. Ido kuwa labarinsa ya canja a 2011: da can iyakarsa 150 ce, sai bincike ya nuna yanar ido tana kama mutum a kan adadin da bai kai yadda aka zata ba, sai ICRP ta sauko da ita zuwa 20.

A nan ne ake yawan yin kuskuren fahimta, kuma ina ganin shi ne tushen sakaci da yawa. Mutane suna ɗaukar milisibat 20 ɗin nan ta ma'aikaci tamkar kason da aka ware musu, wanda duk abin da ke ƙasa da shi lafiya lau ne. Ba haka tsarin yake ba. Kariya daga radiyeshon an ɗora ta ne a kan ɗaukar cewa kowane ɗan ƙari yana ƙara haɗarin ciwon daji gwargwadon girmansa, kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a kan kowane sibat. Mu yi lissafi da kanmu: wanda ya riƙa cika 20 cif kowace shekara har shekara 40, ya tara milisibat 800, wato ya ɗora wa kansa ƙarin haɗari na kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 a kan wanda kowa ke da shi. Da yayyafi kogi kan cika. Shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce a rage abin da ake sha iyakar yadda hankali zai ɗauka, ta hanyoyi uku da kowane ɗalibin fannin ya haddace: rage lokaci, ƙara tazara, sa kariya a tsakani. Tazara ta fi kowanne araha. Wanda ya ja da baya daga mita 1 zuwa mita 2, abin da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Dosimita iri-iri ne, kuma bambancinsu ba na ado ba ne. Na farko da ya yaɗu shi ne na fim, irin fim ɗin da masu ɗaukar hoto suke wankewa a ɗaki mai duhu. Radiyeshon yana baƙanta shi, gwargwadon baƙin gwargwadon abin da aka sha. Ana jera masa ƙananan faifai na roba da alminiyam da tagulla da dalma, ta yadda inuwar da kowanne ya bari za ta nuna irin hasken da ƙarfinsa. Matsalarsa zafi da laima suna ɓata shi, yanzu kusan ya zama tarihi.

Wanda ya gaje shi shi ne TLD, kuma yadda yake aiki abin sha'awa ne. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutse mai kama da gishiri, galibi haɗin litiyam da fulorin. Duk lokacin da radiyeshon ya buge shi, wasu ɓurɓushin lantarki sukan tashi daga mazauninsu su maƙale a wasu ƴan ramuka na cikin dutsen, su zauna nan wata da watanni. Idan aka kai shi ɗakin awo sai a gasa shi har zafi ya doshi digiri 300, ɓurɓushin su kuɓuce su koma gida, kowanne yana sakin ɗan haske. Na'ura ta ƙirga hasken, ta mayar da shi milisibat. Illarsa guda: da zarar an gasa, labarin ya goge, ba a iya sake karantawa idan gardama ta taso. Daga baya aka samu OSL, wanda ake yi da haɗin alminiyam da iskar oksijin da aka barbaɗa wa ɗan kabon. Shi ba a gasa shi, koren haske ake haska masa, ya mayar da shuɗi. Ɗan kaɗan daga ajiyarsa ake taɓawa, don haka ana iya sake awo, kuma yana ganin abin da bai wuce milisibat 0.01 ba.

Duka ukun nan suna da hali ɗaya: ba su magana sai bayan an gama. Ma'aikaci yakan sa su wata guda ko wata uku, a tattara, a aika, a jira sakamako. Idan wani mugun abu ya faru ranar 3 ga wata, mai yiwuwa sai watan gaba ya yi nisa kafin takarda ta zo. Ihu bayan hari ke nan. Saboda haka duk inda haɗari zai iya faɗowa cikin daƙiƙu, ana haɗa wa ma'aikaci da dosimita na lantarki, mai allon da ke nuna lamba nan take kuma yana kururuwa idan abin ya yi yawa.

Wanda ya fi kowa buƙatar wannan shi ne mai ɗaukar hoton walda a masana'antu. Aikinsa ya tabbatar babu tsaga a mahaɗar bututun mai ko na gas. Galibi da dare yake yi, bayan sauran ma'aikata sun tashi. Yana ɗauke da wani akwati mai nauyi, a cikinsa akwai ƙwayar iridiyam-192, wani ƙarfe mai fitar da hasken gama, wadda ba ta fi ƙwayar hatsi girma ba. Ya naɗa fim a jikin bututu, ya ja igiya ya killace wurin, ya koma nesa ya murɗa hannun waya, ƙwayar ta bi ta cikin tiyo ta fita ta yi aikinta, sannan ya murɗo ta ta koma ɗakinta. Duk rayuwarsa tana rataye ne a kan wannan komawar. Idan ƙwayar ta ɓalle daga waya ta tsaya a tiyo, ido ba zai nuna masa ba. A watan Fabrairun 1999, a wurin aikin tashar wutar lantarki ta Yanango a ƙasar Peru, irin wannan ƙwaya ta faɗo ƙasa ba a lura ba. Wani mai walda ya tsince ta, ya sa a aljihun wandonsa na baya, ya ci gaba da aikinsa sa'o'i, ya tafi gida da ita. Ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa. Da an duba akwatin da na'urar awon radiyeshon bayan an gama hoton, da a take za a gane ƙwayar ba ta koma ba.

Inda ake maƙala dosimita shi ma ilimi ne. Ƙa'ida ita ce a gaban jiki, tsakanin wuya da ƙugu, fuskarsa tana kallon waje, domin a nan muhimman gaɓoɓi suke. An tsara shi ya ƙiyasta abin da ya isa zurfin milimita 10 a cikin jiki, da kuma abin da ya tsaya a saman fata. Amma ba kowane aiki ke raba radiyeshon daidai a jiki ba. Wadda ke zuƙo maganin nukiliya, wato mai radiyeshon, cikin sirinji, yatsunta ne ke shan abin, ƙirjinta yana bayan gilashin dalma. Ita zobe ake ba ta mai dosimita a ciki, ta sa a ƙarƙashin safar hannu, fuskarsa ta ɓangaren tafi. Likitan da ke zura siririn bututu cikin jijiyar zuciya yana kallon hoton eksire kai tsaye, yakan tsaya sa'o'i dab da majinyaci, kuma hasken da ke fantsamowa daga jikin majinyacin shi ne ke dukansa. Rigar dalma ta rufe masa gangar jiki, amma kai da ido da hannu suna waje. Idan ya sa dosimita ɗaya a ƙarƙashin riga, lamba za ta fito ƙarama alhali idonsa yana cutuwa. Idan ya sa a sama kaɗai, za ta zuzuta abin da cikinsa ya samu. Shi ya sa wurare da yawa ke ba shi biyu, ɗaya ciki ɗaya a kwalar wuya, wani lokaci har da na uku a gefen ido. Kuma idan ya musanya su bisa kuskure, na wuya ya koma ciki, duk lissafin watan ya rikice.

Akwai kuma abin da dosimitan ƙirji ba ya gani sam. Abin da mutum ya shaƙa ko ya haɗiya ko ya shiga ta rauni, ya zauna a huhu ko a maƙogwaro yana aiki daga ciki, wannan sai an gwada fitsari ko an kwantar da mutum a na'urar da ke auna jiki gaba ɗaya. A hatsarin tashar Fukushima ta Japan a 2011, an ɗaga iyakar masu aikin gaggawa zuwa milisibat 250, amma ma'aikata 6 suka wuce ta. Wanda ya fi kowa ya haura 600, kuma mafi yawansa daga shaƙar sinadarin iyodin mai radiyeshon ne, abin da babu ruwan na'urar ƙirji da shi. A makonnin farko ma dosimitan lantarki ba su isa ba, domin ruwan tsunami ya lalata mafi yawansu, har sai da ayarin ma'aikata ya riƙa shiga da guda ɗaya a jikin jagoransu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma abin da ya fi damuna a wannan batu ba na fasaha ba ne. Dosimita ba ya tare komai, shaida kawai yake bayarwa, kuma shaida ba ta faɗin abin da ba ta halarta ba. Na taɓa ganin takardar sakamakon wani sashe inda kowa ke da ɗan abu a gaban sunansa, 0.2 ko 0.3, sai mutum ɗaya da ya fi kowa tsayawa kusa da na'ura, shi sifili ne wata shida a jere. Jami'ar kariya ta kira shi gefe, ta ce, "Malam, ina kake ajiye naka?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranki ya daɗe, yana cikin durowa. An ce mini idan lamba ta hau za a cire ni daga ɗakin, ni kuma a nan nake samun alawus." Ba ta yi masa faɗa ba. Ta zaunar da shi ta nuna masa nisan da ke tsakanin lambobin abokan aikinsa da iyakar shekara, ta ce masa abin da durowa ta ɓoye ba ta cire shi daga jikinsa ba.

Wannan tsoro yana ko'ina, kuma sau da yawa daga sama yake saukowa. A 2012 jaridu a Japan suka bankaɗo cewa wani ɗan kwangila a tashar Fukushima ya umarci ma'aikatansa su rufe dosimitocinsu da murfin dalma a ƙarshen 2011, don lambarsu ta yi ƙasa su daɗe suna aiki. Duk wurin da hawan lamba ke nufin rasa albashi ko shan tsawa, to ana koya wa mutane ɓoyewa ne. Idan aka hukunta ma'aikaci saboda dosimitansa ya faɗi gaskiya, an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya dace shi ne a sa wani matakin bincike can ƙasa da iyakar doka, wanda idan an taɓa shi za a tambayi aikin: shin labulen dalma ya yage ne, ko an ƙara yawan majinyata, ko na'ura ta fara yoyo, ko sabon ma'aikaci ne ba a nuna masa inda zai tsaya ba?

Hawan lamba ma ba kullum yake nufin mutum ya sha ba. Wani ya bar rigar aikinsa rataye a ɗakin eksire da dosimita a jiki har kwana biyu. Wata ta manta da nata a jakar da aka wuce da ita ta na'urar binciken kaya a filin jirgi. Wani an yi masa hoton CT a matsayin majinyaci bai cire ba, alhali abin da aka yi wa mutum don maganin kansa ba ya shiga lissafin aiki. Akwai kuma dosimita guda da ke zuwa tare da kowane ƙunshi, wanda ba na kowa ba ne: ana ajiye shi nesa da na'urori don ya auna abin da aka samu a hanya da wanda ke cikin muhalli, a ɗebe shi daga lambar kowa. Idan aka ba baƙo wannan ya sa, ko aka ajiye shi kusa da na'ura, an ɓata awon sashe gaba ɗaya. Haka aron dosimita tsakanin abokai biyu: lamba za ta fito, amma ba ta kowa ba ce.

Mace mai juna biyu tana da nata tsari. Da zarar ta sanar da wurin aiki, ɗan tayin ana ɗaukarsa kamar mutumin gari, don haka shawarar ICRP ita ce kada abin da zai samu ya wuce kimanin milisibat 1 a sauran watannin cikin. A Amurka iyakar 5 ce a tsawon cikin gaba ɗaya. Akan ba ta ƙarin dosimita ta sa a daidai mara, ƙarƙashin rigar dalma. Galibi ba sai ta bar aiki ba, sauya mata wasu ayyukan ya isa. Ya kamata a faɗa wa mata wannan tun ranar da aka ɗauke su, domin wadda ke tsoron kora ba za ta yi saurin sanarwa ba, kuma watannin farko su ne mafi hatsari.

Sai maganar takardu, wadda ake rainawa. Ƙa'idar IAEA ta ce a adana lissafin kowane ma'aikaci har ya kai shekara 75, kuma kada ya gaza shekara 30 bayan ya bar aikin. Dalili a fili yake: ciwon da radiyeshon ke haifarwa yakan jira mutum ya yi ritaya. Ranar da zai nemi diyya ko likitansa zai nemi tarihinsa, babu abin da zai tsaya masa sai waɗannan lambobi. Haƙƙinsa ne ya ga sakamakonsa, ya karɓi kwafi idan zai sauya wurin aiki, kuma wanda ke aiki a asibiti biyu dole a haɗa lissafinsa wuri guda, tunda jikin ɗaya ne.

Waɗannan takardu ne kuma suka ba masu bincike damar gwada ko tsoron ƙananan adadi yana da tushe. Binciken INWORKS ya tattara bayanan dosimita na ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 daga Faransa da Birtaniya da Amurka, wasu tun daga shekarun 1940, ya bi diddigin abin da ya zama ajalinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2015, aka kuma sabunta a 2023, ya nuna mutuwa ta dalilin ciwon daji tana ƙaruwa gwargwadon abin da mutum ya tara a tsawon aikinsa, har a tsakanin waɗanda suka tara shi kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. Kowace lamba a cikin wannan bincike ta fito ne daga ƙirjin wani ma'aikaci da ya maƙala dosimitansa da safe, ya miƙa shi a ƙarshen wata.